Tsofaffin Gidajen Jere na Baltimore: A Duba Layi Kafin a Biya

Duk mai bin tallan gidajen Amurka a intanet ya taɓa cin karo da Baltimore, birnin nan na jihar Maryland da ke tafiyar kamar awa ɗaya a mota daga Washington. Za ka ga gidan jan bulo mai hawa biyu ko uku, da matakalar farin marmara a ƙofa, an sa masa kuɗin da bai kai na tsohuwar mota ba. A wata unguwar kuma ga wani kamarsa sak, tsara ɗaya, amma ana neman ɗaruruwan dubban daloli. 'Yan'uwanmu mazauna can, da na gida da ake zugawa su zuba jari a waje, ya kamata su san dalilin wannan tazara tun kafin su tura ko sisi.

A jere aka gina gidajen, kowanne manne da na kusa, bango ɗaya ya raba su. Yawancinsu na ƙarni na 19 ne da farkon na 20, zamanin da ma'aikatan tashar jiragen ruwa da masana'antu suka cika birnin. A 1950 mutanen Baltimore sun kusa 950,000, amma a ƙidayar 2020 ba su kai 600,000 ba. Jama'a suka tashi suka bar gidaje, har yau ana da kangaye sama da 10,000.

To, tunda bango ɗaya ne, lafiyar gidanka na hannun maƙwabcinka. In rufin kangon da ke gefenka ya rufta, ruwan sama da ƙanƙara ta cikin bangon nan za su bi su shigo maka, danshi ya cinye katakon da ke ɗauke da benenka. Wuta ma ba ta tsayawa a iyakar gida: a Janairun 2022 'yan kwana-kwana uku suka rasu lokacin da wani kango da ke ci da wuta ya rufta musu. Shi kuma mai ƙiyasta farashi da banki ke turowa, cinikin gidajen da aka sayar kwanan nan a kusa yake dubawa. Ka kashe dala 150,000 wajen gyara, misali, alhali gidajen layin 70,000 ake sayar da su, banki ba zai ba mai sayenka rancen da ya kai abin da ka kashe ba. Nan ne masu saye don su gyara su sayar suke karyewa.

Tazarar farashi tsakanin unguwannin birnin tana da tarihi. A 1910 birnin ya kafa dokar raba mazaunin baƙaƙe da farare, daga baya a shekarun 1930 aka zana taswirar da ta shafa wa unguwannin baƙar fata jan launi, bankuna suka guje su. Har yanzu ana ganin sawun abin: Federal Hill, Canton da Fells Point na bakin ruwa suna tsada, Sandtown-Winchester kuwa a yammacin gari tana fama.

Sai kuɗaɗen da ba a rubutawa a talla. A Baltimore kana iya mallakar gini alhali filin da yake kai na wani ne, kana biyansa 'yar haya duk shekara bisa yarjejeniyar shekara 99 da ake sabuntawa. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma an yi zamanin da mutane suka rasa gidajensu kan bashin da bai kai ya kawo ba, har majalisar jiha ta gyara dokar a 2007. Doka ta ba mai gida damar fansar filin, kuma gara a yi hakan. Harajin gida na birnin ya haura kashi 2 cikin 100 na ƙimar gidan a shekara, kusan ninki biyu na gundumar da ke kewaye da shi. Wasu gidajen da aka gyara suna da rangwamen haraji na gine-ginen tarihi na shekara 10. Tambayi shekara nawa ta rage, domin ranar da ya ƙare haraji zai yi tsalle, mai saye na gaba kuma zai cire wannan daga tayinsa.

Fenti mai gubar dalma shi ya fi tayar min da hankali, kuma wanda ya tuna yaran da dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba ya bukatar dogon bayani. Amurka ta haramta shi a gidajen zama a 1978, amma yana nan kwance a tagogi da ƙofofin tsofaffin gidaje. Doka ta tilasta wa mai sayarwa ya faɗi abin da ya sani, ta kuma ba mai saye kwana 10 ya sa a gwada. Kada zumuɗi ya sa ka yafe wannan dama, musamman in kana da ƙananan yara ko kana nufin sa 'yan haya.

Akwai kuma Formstone, wani shafen siminti mai kamar dutse da aka lulluɓe fuskar dubban gidaje da shi tun daga ƙarshen shekarun 1930. Yana iya ɓoye bulon da ya ruɓe.

Labarin gidan dala ɗaya kuwa gaskiya ne. An yi shi a shekarun 1970, ya farfaɗo da unguwar Otterbein, kuma a 2024 birnin ya dawo da irinsa. Sai dai araha ba ta ado: sai ka nuna kana da dala 90,000 na gyara, ka kuma zauna a gidan da kanka shekara biyar. Wanda ke Kano ko Maraɗi aka ce ya turo kuɗi a kama masa, ya san ba shi aka yi wa shirin ba.

Mai niyyar saye ya je da ƙafarsa ko ya tura amintacce, da rana da kuma dare, ya ƙirga gidaje nawa aka toshe wa tagogi da katako a layin. Ya ɗauki nasa mai duba gini, ba wanda dillali ya kawo ba, a hau rufi, a sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Sannan lauya ya binciki takardun mallaka, domin bashin haraji da na ruwa suna bin gidan, duk wanda ya saya shi zai biya.