Ƙuri'a Biyu a Takarda Guda: Yadda Jamusawa Suke Zaɓen Majalisarsu

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake zaɓen Bundestag, wato majalisar wakilai ta tarayyar Jamus, wadda ita ce take zaɓen shugaban gwamnati. Tun daga shekarar 1953, kowane mai zaɓe ƙuri'a biyu yake kaɗawa a kan takarda guda. Ta gefen hagu ta ɗan takara ce a mazaɓarsa, kuma mazaɓu 299 ne a ƙasar. Ta gefen dama kuwa ta jam'iyya ce.

Mai nazarin harshe zai lura da cewa sunayen da aka laƙaba musu suna da ruɗarwa. Jamusawa suna ce musu Erststimme da Zweitstimme, wato ƙuri'a ta farko da ta biyu (kalmar Stimme ɗin tana nufin murya, tana kuma nufin ƙuri'a). Duk wanda ya ji haka zai zaci ta farkon ce babba. To, ba haka abin yake ba. Ta biyun ce take yanke yawan kujerun kowace jam'iyya, gwargwadon kason da ta samu. Amma sai jam'iyya ta kai kashi 5 cikin ɗari, ko ta ci mazaɓu uku, kafin a yi rabon da ita. An kafa wannan shinge ne saboda tunawa da zamanin Jamhuriyar Weimar, daga 1919 zuwa 1933, lokacin da ƙananan jam'iyyu suka cika majalisa, gwamnatoci suka yi ta rushewa.

Matsala takan taso ne idan jam'iyya ta ci mazaɓu fiye da kujerun da ƙuri'a ta biyu ta ba ta. A da akan bar mata rarar, daga baya kuma aka riƙa ƙara wa sauran jam'iyyu kujeru don a daidaita. Ta haka majalisar da aka tsara mata kujeru 598 ta kumbura har ta kai 736 a zaɓen 2021. Dokar 2023 ta tsayar da adadin a 630, ta kuma soke rarar baki ɗaya. A yanzu wanda ya ci mazaɓarsa ba zai shiga majalisa ba sai idan kason jam'iyyarsa a jiharsa ya isa ya ɗauke shi.

An ga sakamakon haka a zaɓen Fabrairun 2025, inda 'yan takara 23 suka zo na ɗaya a mazaɓunsu amma ba su sami kujera ba. A ganinmu lissafin ya yi wa jam'iyyu adalci, sai dai zai yi wuya a gamsar da mutumin da ya ga gwaninsa ya ci zaɓe, sa'an nan aka ce masa ya koma gida.