Ciwon Baya A Gidan Falken Shanu: Me Ya Kamata Abokin Zama Ya Yi?

Duk wanda ya taɓa rako shanu a kan babbar mota daga Bambari ko Kaga-Bandoro zuwa Bangi ya san yadda ƙugu ke sandarewa in an sauka. Haka kuma uwargida da ke gida a Miskin, ga ɗaukar ruwa, ga wanki a duƙe, ga goyo. Da can in ɗaya ya kwanta, dangi ne ke cika gida. To, amma tun rikicin Disamba 2013 da farkon 2014, lokacin da 'yan'uwa da yawa na Miskin da Kilomita Biyar suka yi gudun hijira zuwa Chadi da Kamaru, gidaje da dama daga miji sai mata sai yara. Saboda haka jinya ta koma wuyan abokin zama.

Likitoci na kiran ciwon baya mai daɗewa in ya wuce wata 3. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu, kuma a cikin kowane 10 wajen 9 ba a samun wata cuta takamaimai da ta jawo shi. Wato akasarinsa ba mai kisa ba ne, sai dai yana cin jari, yana kuma cin zaman lafiyar gida in ba a yi hattara ba.

Abu na farko, a yarda da mai ciwo. Kada maigida ya ce, "Ke dai lalaci ne," kada kuma uwargida ta ce, "Alhaji, ka ƙi fita kasuwa ne kawai." Ciwon da ido ba ya gani shi ma ciwo ne.

Na biyu, kada tausayi ya sa a kwantar da shi a tabarma mako da mako. Doguwar kwanciya na ƙara sandarar da baya. A shawarwarin da hukumar ta fitar a Disamba 2023, ta goyi bayan motsa jiki, da tausa, da wayar wa mai ciwo kai, da magunguna irin su ibuprofen na ɗan lokaci. Ta ce kada a dogara da ɗamarar ƙugu, ko jan baya da na'ura, ko magunguna masu bugarwa dangin tramadol, wanda muke kira tiramol. Don haka a riƙa ɗan takawa tare safe da yamma, ko da zuwa bakin layi ne, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. A sauke masa kaya mai nauyi, amma a bar masa aikin da zai iya.

Maganar ƙwaya kuwa, jama'a, a yi hankali. Ibuprofen da diclofenac in an daɗe ana sha suna cin ciki, suna taɓa ƙoda, kuma ba su dace da mai gyambon ciki ko mai juna biyu ba sai da izinin likita. Tiramol na masu tebur shi kuma kama mutum yake yi, har ya kasa rabuwa da shi. Gashi da ruwan ɗumi da tausa ba laifi. Tsaga da sakiya da ƙarfen da ba a dafa ba kuwa na iya sa wa mutum wata cutar.

Akwai abin da ya shafe mu musamman, mu masu hulɗa da dabbobi. Cutar bakkale, mai sa saniya ɓari, tana kama mutum ta hanyar ɗanyar madara ko taɓa mahaifar dabba, kuma takan sauka a ƙashin baya. Tarin fuka ma yakan ci ƙashin baya. Duka biyun suna da magani, amma na makonni ne ko watanni, ba na kwana 3 ba. In ciwon ya zo da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, ko zufar dare, ko rama, kada a tsaya cewa basir ne ko sanyi. A tafi babban asibiti, kamar Kominote ko Amitiye. In kuwa ƙafa ta mutu, ko tsakanin cinyoyi ya daina ji, ko fitsari da bayan gida sun ƙi riƙuwa, to ranar nan za a tafi, ba gobe ba.

Kuma a tafi tare. Mai ciwo kan manta, wani kuma Sango ko Faransancinsa bai kai ya bayyana inda ke masa ciwo ba. Abokin zama ya faɗa wa likita cewa sana'ar gidan shanu ce, ya nuna duk ƙwayar da aka sha. In aka ambaci tiyata, a tambayi dalili da abin da za a iya gwadawa kafin ita, domin kaɗan ne daga masu ciwon baya ke bukatarta. Kada a sayar da bijimi kafin a ji amsa.

Mai jinya ma mutum ne, ya nemi taimakon maƙwabta ya huta, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.