Ƙanenka Ya Ƙi Cin Abinci? Wataƙila Ba Taurin Kai Ba Ne

A gidaje da dama a Rurum, idan iyaye suna gona ko kasuwa, yayyen da suka taso daga makaranta ne ke ciyar da ƙannensu. Aikin yakan yi wuya idan akwai yaro mai larurar galahanga, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa tana shafar kusan yaro 1 cikin 100.

Irin wannan yaro yakan kafe a kan abinci ɗaya, kamar biredi ko farar shinkafa, ya ƙi tuwo saboda yauƙin miyar kuka ko ƙanshin daddawa, don suna damunsa fiye da kowa. Shi kuwa wanda larurar ƙwaƙwalwa ta taɓa gaɓoɓinsa, tauna da haɗiya ne ke ba shi wahala.

Babban haɗari shi ne ɗura. Idan aka toshe wa yaro hanci aka zuba masa kunu, yana iya shaƙewa, kunun ya shiga huhunsa ya jawo namoniya.

Ku zaunar da shi a miƙe, ku ba shi kaɗan-kaɗan. Ku ajiye ɗan wake, ƙwai ko kifin Tiga da aka cire wa ƙaya kusa da abincin da ya saba. In ya ƙi yau, a sake gwadawa gobe, ba duka ba tsawa.

Idan yana ramewa ko yana tari duk lokacin cin abinci, ku gaya wa iyaye a kai shi Babban Asibitin Rano.