Doguwar Tafiya da Karkacewar Babban Yatsan Ƙafa: Misali daga Birnin Abijan

A birnin Abijan na ƙasar Kwaddibuwa akwai Hausawa da yawa, galibinsu daga Nijar da arewacin Nijeriya. Wasu suna sayar da gasasshen nama ko kofi a wuri ɗaya, wasu kuwa yawon talla suke yi. Mai talla yakan saro kaya a babbar kasuwar Adjamé, ya ratsa unguwar Plateau, ya ƙetare ruwan Ébrié ta gadar Houphouët-Boigny da aka kammala a 1957 ko ta gadar De Gaulle ta 1967, ya shiga Treichville. Ga irin wannan mutum, ƙafa ita ce jari. In ta sami matsala, cinikin ranar ya tsaya.

Ɗaya daga cikin matsalolin ƙafa ita ce karkacewar babban yatsa. Likitoci suna kiran ta hallux valgus, a Faransanci kuma ana ce mata oignon, wato albasa, saboda kamannin ƙullutun da ke fitowa. Ƙafar mutum tana da ƙasusuwa 26. Idan dogon ƙashin da ke riƙe da babban yatsa ya goce zuwa wajen ɗaya ƙafar, sai yatsan ya jingina kan na kusa da shi, kan ƙashin ya turo a gefe. Wani nazari da aka buga a 2010 ya nuna kashi 23 cikin 100 na masu shekara 18 zuwa 65 suna da wannan lalura, kuma ta fi yawa ga mata da tsofaffi. Gado da shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa da matsattsen takalmi duk suna da hannu a ciki.

Tafiya ita kaɗai ba ta haifar da lalurar, amma tana tsananta ciwon ga wanda yake da ita. A kowane taku, idan dunduniya ta ɗaga, nauyin jiki yana komawa kan gaɓar babban yatsa. Wanda ya yi tafiyar kilomita 10 ya yi taku wajen 13,000, wato gaɓar kowace ƙafa ta lanƙwasa sau 6,500 ke nan. Gaɓar da ta karkace ba ta iya ɗaukar rabonta na nauyi sosai, don haka sai ya koma ƙarƙashin yatsa na biyu da na uku. Nan ne kanta ke fitowa, tafin ƙafa ya riƙa zafi. Ƙullutun kuma yana goguwa da takalmi, ya yi ja, ya kumbura, wani lokaci har ya yi bororo. Bugu da ƙari, ƙafa tana ɗan kumbura da yamma bayan yinin tafiya, shi ya sa takalmin da ya yi daidai da safe yake matsewa da la'asar. Mai ciwon yakan karkata tafiyarsa don gudun zafi, ta haka sai gajiya ta kai ga gwiwa da ƙugu.

Babban abin da ke rage wahalar shi ne zaɓen takalmi. Ana son mai faɗin baki, mai taushin fata, marar tsawon dunduniya. Gara a gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta cika. Takalmi sau-ciki mai tsinin baki yana ƙara tura yatsan, silifa mai siririn ƙasa kuma ba ya tare zafin kwalta. Ɗan matashi mai laushi a kan ƙullutun yana hana goguwa, hutawa jefi-jefi da sa ƙanƙara a tsumma suna rage kumburi.

Waɗannan dabaru suna sauƙaƙa ciwo ne kawai, ba sa miƙar da ƙashi. Aikin tiyata ne ke gyara shi, kuma jinyarsa takan ɗauki mako 6 ko fiye, lokacin da mai talla ba zai iya fita nema ba. Saboda haka ake yin sa idan ciwo ya hana tafiya. Mai ciwon sukari kuwa, da ya ga gyambo ko bororo a kan ƙullutun, ya kamata ya je asibiti ba tare da jinkiri ba, domin raunin ƙafarsa ba ya saurin warkewa.