Matsin Ruwa da Zuciyar Raƙumin Dawa

Raƙumin dawa shi ne dabbar da ta fi kowace tsawo a doron ƙasa, domin babban namiji yakan wuce mita 5. A Afirka ta Yamma irinsa sun rage ne a Jamhuriyar Nijar, musamman a yankin Kure, kusa da Yamai. Tsakanin zuciyar wannan dabba da ƙwaƙwalwarta akwai tazarar kimanin mita 2. To, ta yaya jini yake hawa wannan dogon wuya ba tare da dabbar ta suma ba? Amsar tana cikin dokokin da ke tafiyar da ruwa a tanki da famfo.

Yadda zurfi ke ƙara matsi

Duk wani abu mai gudana, ruwa ne ko mai ko jini, yana da nauyi, saboda ƙasa tana jan sa zuwa gare ta. Ruwan da ke sama yana danne na ƙasa, shi ya sa matsi yake ƙaruwa gwargwadon zurfi. Malami zai iya nuna wa ɗalibai haka cikin aji. A sami dogon gwangwani a huda shi wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, sannan a cika shi da ruwa. Za a ga ruwan hujin sama yana zuba a sanyaye, na hujin ƙasa kuwa yana tsartuwa da ƙarfi. Wannan ne dalilin da ya sa ake ɗora tankin ruwa a kan hasumiya, kuma ake gina gindin madatsar ruwa, irin ta Tiga, da kauri fiye da samanta.

Dokar tana da ɗaya fuskar. Ruwa ba ya hawa sama don kansa, sai an tura shi da ƙarfin da ya rinjayi nauyinsa, kuma yayin hawan, daga wurin da matsi ya fi yawa yake tafiya zuwa inda ya fi ƙaranci.

Awon matsin jini

A shekarar 1628 wani likitan Ingila, William Harvey, ya bayyana cewa zuciya ce ke harba jini ya zaga jiki ya komo. A 1733 kuma Stephen Hales ya wallafa sakamakon wani gwaji da ya yi: ya haɗa dogon bututun gilas da jijiyar doki, sai jini ya hau ya tsaya a wajen mita 2 da rabi. Ke nan ƙarfin zuciyar dokin ya yi daidai da nauyin jinin da ya kai wannan tsawo.

A asibiti da ma'aunin zaiba ake lissafin matsin jini. Zaiba ta fi ruwa nauyi sau 13.6, don haka gajeren bututu ya wadatar. Idan aka ce awon mutum 120 bisa 80 ne, ana nufin a lokacin bugawar zuciya matsin zai iya ɗaga zaiba milimita 120, a lokacin hutawarta kuwa milimita 80. Ɗaga jini mita 1 yana cin kimanin milimita 78 na wannan ma'auni. Ashe ke nan zuciyar mutum ba za ta iya kai jini sama da mita 1 da rabi ba sai da ɗan kaɗan. Wannan ya ishi ɗan Adam, tun da kansa bai kai ko rabin mita daga ƙirjinsa ba. Amma da za a ba raƙumin dawa irin wannan zuciya, da jinin ya tsaya a hanya bai isa ƙwaƙwalwa ba.

Halittar raƙumin dawa

Wuyan raƙumin dawa kaɗai yana cinye fiye da milimita 150. Saboda haka matsin jininsa a kusa da zuciya ya haura 200, wato kusan ninki biyu na mutum. Bangon ɓangaren hagu na zuciyarsa, wanda ke harba jini zuwa jiki, yana da kauri ƙwarai.

Sai dai maganin wata matsala yakan haifar da wata. Ƙafafunsa suna can ƙasa da zuciya, inda nauyin jini ke ƙaruwa a kan matsin da ya riga ya yi yawa. Abin da ke hana su kumbura shi ne fata mai tauri da ta ɗaure su tamau, da kuma jijiyoyi masu kaurin bango. Irin wannan aiki safar roba take yi wa majiyyaci mai kumburin ƙafa. Haka kuma, idan dabbar ta sunkuya shan ruwa, kanta yakan koma ƙasa da zuciya. A nan wasu ƙananan marufai da ke cikin manyan jijiyoyin wuya suke taimakawa wajen hana jini kwararowa da baya zuwa kai.

Darasi ga lafiyar ɗan Adam

Dokar nan tana aiki a jikin kowa. Mutumin da ya miƙe zumbur daga kwance yakan ji jiri, domin jini ya gangara ƙafafu kafin zuciya da jijiyoyi su gyara aikinsu. Shi ya sa ake kwantar da wanda ya suma a ɗaga ƙafafunsa. Kuma shi ya sa ma'aikacin lafiya yake ajiye hannun majiyyaci daidai da zuciya lokacin awo. Idan hannun ya yi ƙasa, awon zai nuna fiye da gaskiya.

Matsin da raƙumin dawa yake rayuwa da shi lafiya, a jikin mutum hawan jini ne mai tsanani, mai iya jawo shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda. A 2021 wasu masu bincike sun sa wa ɓeraye nau'in wani ƙwayar gado na raƙumin dawa mai suna FGFRL1, suka tarar ɓerayen sun fi 'yan uwansu jure illar hawan jini. Wannan ya nuna cewa ɗalibin da ke son fahimtar jikin dabba, ko yake burin zama likita, ba shi da makawa sai ya riƙe darasin ƙarfi da matsi da hannu biyu.