Sharar Kasuwa da Wutar Girki: Yadda Juji Zai Rage Hayaƙin Gida

Duk kasuwar da ta ci ta watse, ko ta Jibiya ce ko ta Maraɗi, ko Illela ko Birnin Ƙonni, ko Maigatari ko Magarya, takan bar tulin shara a bayanta. Akwai ɓawon gyaɗa da totuwar masara a layin masu hatsi, da ruɓaɓɓen tumatir a wurin 'yan gwari, da diddigar gawayi a gindin buhunan masu sayar da shi. A kara kuwa da mayanka, kashin dabbobi da abin da aka zazzage daga tumbi su ne ke toshe magudanar ruwa har ƙudaje su mamaye unguwa. Abin da aka saba yi da wannan tuli bai wuce biyu ba: ko a cinna masa wuta, ko a bar shi ruwan damina ya kai shi ƙofar gidan wani. Ga shi kuma mafi yawan abin da ke cikinsa makamashi ne, irin wanda iyalai ke kashe naira da sefa kullum suna saye.

Dalilin da ya sa ma'aikatan lafiya suka damu da wannan batu shi ne hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum biliyan biyu ne ke girki da itace, gawayi, kara, kandilo ko kananzir a kan murhu mai hayaƙi, kuma gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020, cikinsu har da yara fiye da 237,000 waɗanda ba su kai shekara biyar ba. Hayaƙin itace yana ɗauke da wata ƙura mai laushi ƙwarai wadda ido ba ya gani. Gashin hanci ba ya tare ta, takan gangara can cikin huhu, wata ma ta ratsa cikin jini. A jikin yaro tana share wa ciwon haƙarƙari hanya, wato namoniya. A jikin babba tana jawo tarin da ba ya jin magani, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da yanar ido. Mai juna biyu da ke wuni a bakin murhu takan haifi jariri marar nauyi. Wanda ya fi kowa shaƙa shi ne goyon da ke bayan uwa, domin inda take tsugune nan yake, kuma numfashinsa ya fi nata sauri.

Akwai wata ɗabi'a da ta ƙara dagula al'amarin, wato hura wuta da leda. Ta zama ruwan dare a gidaje da wurin masu tuyar ƙosai da waina, saboda leda tana kamawa nan take ko itacen ɗanye ne. Haka nan a wasu mayanka da tsohuwar taya ake babbake kai da ƙafa da ganda. Hayaƙin roba da taya yana ɗauke da guba iri-iri, har da masu haddasa ciwon daji, kuma baƙin da ke sauka a kan nama ba ya fita duka da wanki. Nijar ta kafa dokar hana shigo da ledar da ba ta ruɓewa tun 2014, amma kowa shaida ne har yau leda na rataye a kan kowace ƙaya. Saboda haka kafin a yi zancen sarrafa shara, sai an fara da rarrabe ta. Leda da roba da taya da tsofaffin batura ba su da wuri a murhu ko kaɗan. Abin da ya fito daga tsiro ko daga cikin dabba shi ne abin da za mu yi magana a kansa.

Hanya mafi sauƙi ita ce dunƙulen gawayi. Kayan aikinsa duro ne na ƙarfe wanda aka huda ƙananan ramuka a gindinsa, da murfi, da turmi, da wani abin matsewa, ko da guntun bututun ƙarfe ne da sandar dannawa. Ana cika duron da busasshen ɓawon gyaɗa, ko totuwa, ko ƙaiƙayi, a kunna wuta. Da farko hayaƙi fari ne mai kauri, wannan danshi ne ke fita. Idan ya tsinke ya yi shara-shara, sai a rufe duron, a toshe ramukan da ƙasa don kada iska ta shiga, a bar shi ya huce da kansa. Nan ne gwaninta take: wanda ya makara wajen rufewa toka zai tarar, wanda ya yi gaggawa kuma zai tarar da rabin kayan ba su ƙone ba. Abin da ya zama baƙi sai a daka shi, a tankaɗe, a kwaɓa da ɗan kokon sitaci na rogo, kimanin awo ɗaya na sitaci ga awo goma na garin gawayi. Wasu da ƙaro suke haɗawa, wasu da ɗan yumɓu, sai dai yumɓu yana yawaita toka. A matse, a shanya a rana kwana uku zuwa biyar gwargwadon yanayi. Dunƙulen da ya bushe sosai, in ya faɗi daga hannu ba ya rugujewa.

Wanda ke kusa da masu sayar da gawayi ma ba ya bukatar duro. Diddigar da ke taruwa a ƙasan buhu, wadda ake sharewa a zubar, ta riga ta zama gawayi. Tankaɗe da kwaɓi kawai take jira. Wannan sana'a ce da mace za ta iya yi a tsakar gida da jarin kuɗin adashe ɗiba ɗaya. Ribarta ga daji kuwa ba ƙarama ba ce, domin a irin ƙonar gawayi ta gargajiya sai an cinye kilo biyar zuwa goma na itace kafin a samu kilo ɗaya. Mutanen fadamar Haɗejiya da Nguru, waɗanda ciyawar kachalla ta toshe wa hanyoyin ruwa ta cinye musu gonaki, suna da abin koyi a bakin kogin Sanagal, inda a ƙasashen Muritaniya da Sanagal ake yanke irin wannan ciyawa ana mayar da ita gawayin girki.

Amma kada a ɗauki dunƙulen gawayi fiye da matsayinsa. Ya fi ɗanyen itace ƙarancin hayaƙi nesa ba kusa ba, yana kuma daɗewa yana ci, sai dai yakan yi nawar kamawa, kuma gawayi ne dai. Kowane irin gawayi yana fitar da wata iska mai kisa da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. A lokacin hunturu ne ta fi yin ɓarna, sa'ad da ake shigar da kasko ko kurfoti ɗaki don jin ɗumi, a rufe ƙofa da taga a kwanta. Wannan haɗari bai ragu ko kaɗan ba don an sauya gawayin itace da na ɓawon gyaɗa. Kuma karan gero da na dawa da harawa suna da masu su, dabbobi na ci, ana danni da su, gona ma tana bukatar abin da zai rufe ta daga iska. A nemi abin da babu mai so.

Hanya ta biyu ta fi tsada, ta kuma fi tsabta: iskar gas daga kashin dabbobi. Idan aka kwaɓa ɗanyen kashin shanu da ruwa, awo ɗaya da awo ɗaya, aka zuba a cikin rufaffen rumbu na bulo da siminti wanda iska ba ta shiga, wasu ƙananan halittu da ke cikin kashin tun daga tumbin saniya za su ci gaba da aikinsu na ruɓarwa. Suna yi suna sakin iska, wadda fiye da rabinta mai kamawa da wuta ce, ita ake kira metan. Iskar tana taruwa a saman rumbun, bututu ya ja ta zuwa madafa, ta ba da shuɗiyar wuta irin ta gas ɗin tukunya, babu hayaƙi, babu baƙin tukunya. Halittun nan zafi suke so, kusan ma'aunin zafin jikin dabba, shi ya sa yanayinmu ya dace da su, ko da yake gas yakan ragu a tsakiyar sanyi. Kilo 25 na ɗanyen kashi yana ba da kimanin lita 1,000 ta gas, abin da zai riƙe wuta a kan murhu ɗaya awa biyu zuwa uku. Gidan da ke da shanu uku ko huɗu masu kwana a turke zai iya samun abin girkinsa na kullum.

Wannan ba sabon abu ba ne da ake gwadawa a kanmu. A Indiya da Sin an gina miliyoyin irin waɗannan rumbuna a gidajen manoma. Maƙwabciyarmu Burkina Faso tana da shirin ƙasa na musamman a kansu, wanda ya gina fiye da dubu goma. A Porto-Novo ta Jamhuriyar Benin, cibiyar noma ta Songhai da wani ɗan Najeriya, Godfrey Nzamujo, ya kafa a 1985 ta daɗe tana juya kashin dabbobi da sharar gona zuwa gas da taki, matasa daga ƙasashe da dama suna zuwa koyo.

Manomi zai ce, in an zuba kashin a rumbu, me za a kai gona? Abin da ke kwararowa ta ɗaya gefen rumbun bayan kwana talatin zuwa hamsin taki ne, kuma ƙarfinsa bai tafi ba, wuta ce kawai aka zare daga cikinsa. Warinsa ya ragu, ƙudaje ba su cika binsa ba, yawancin 'ya'yan ciyawa sun mutu. Idan aka kwatanta da ƙona kandilo, inda takin ke tafiya cikin hayaƙi, bambancin a bayyane yake. Sai dai ruɓarwar ba ta kashe dukkan ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki. Kada a watsa shi ɗanye a kan latas da kabeji da sauran abin da ake ci ba dahuwa; a tara shi ya bushe, ko a haɗa shi da sauran tarkacen gona ya ƙara ruɓewa, mai aikin kuma ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci.

Abin da ya fi kashe waɗannan rumbuna shi ne ƙishirwa da sakaci. Rumbu yana cin abinci kullum kamar dabba, kuma duk bokitin kashi yana neman bokitin ruwa. Garin da mata ke yin nisan zango kafin su samu na sha, wannan hanya ba tasu ba ce tukuna. Haka makiyayin da ke tafiya da garkensa rabin shekara. Ruwan omo da maganin ƙwari suna kashe halittun da ke aikin, yashi da duwatsu suna cika gindin rumbu. Gini kuma sai magini wanda ya koyi wannan aiki musamman, domin tsaga ɗaya kamar gashi ta isa gas ya tsere. Idan aka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai a madafa, gas na yoyo: a kashe makunni, a buɗe ƙofa, kada a ƙyasta ashana. Kada kowa ya kuskura ya shiga cikin rumbu don yashewa ba tare da masani ba, iskar da ke ciki tana sumar da mutum cikin ɗan lokaci, ta kuma kama wanda ya bi shi ceto.

A ganinmu, wurin da wannan hanya ta fi dacewa a garuruwan kan iyaka shi ne mayanka. Can ne kashi da abin cikin tumbi ke taruwa kowace safiya ba tare da an je nema ba, akwai ruwa saboda wanke-wanke, akwai kuma masu bukatar wuta a wuri guda: masu babbaka, da masu tafasa ruwa, da masu abincin sayarwa da ke kewaye. Abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya bai fi ƙarfin ƙungiyar mahauta ba. Idan Sarkin Pawa da Sarkin Kasuwa da hukumar gari suka zauna, abin da za su fara yankewa tun kafin a sa bulo ɗaya shi ne wane ne zai riƙa ciyar da rumbun kullum, nawa za a biya shi, kuma daga wace aljihu kuɗin gyara za su fito. Rumbun da aka gina da kuɗin taimako ba tare da an amsa waɗannan ba, yawanci yakan koma matattarar shara.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da kowane gida zai iya tun daga girkin daren yau. A yi girki a waje ko a madafa mai taga biyu da iska ke ratsawa. A busar da itace kafin a sa shi a wuta, a rufe tukunya, a jiƙa wake tun dare don ya rage cin wuta. Murhun da aka kewaye da laka ya fi na duwatsu uku tattalin itace, domin a na duwatsu uku yawancin zafin a iska yake tafiya. A sauke goyo a ba wani ya riƙe nesa da hayaƙi har a gama.

A kuma san alamun da ba a jira da su. Yaron da ke tari, idan yana numfashi sau 50 ko fiye a minti ɗaya alhali yana tsakanin wata biyu da shekara ɗaya, ko sau 40 ko fiye in yana tsakanin shekara ɗaya da biyar, ko kuma ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, a kai shi asibiti a ranar. Jaririn da bai kai wata biyu ba, sau 60 ne ma'auninsa, kuma shi ko ƙin kama nono ya isa dalili. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi tare da ciwon kai da jiri da tashin zuciya bayan sun kwana da gawayi, a fitar da kowa waje nan take, a buɗe ƙofa da taga, wanda ya galabaita ko ya suma a garzaya da shi asibiti mafi kusa, ko da a wancan gefen iyaka yake.