Leburori Sun Yi Yawa, Gwanaye Sun Yi Ƙaranci: Wa Zai Biya Kuɗin Koyon Gini?

A Kano, daga Gyadi-Gyadi zuwa Darmanawa, har Tarauni da Unguwa Uku, da wuya ka ratsa layi ba ka ga tulin yashi da bulo a ƙofar wani gida ba. Wannan yana ɗora bene, wancan yana fitar da shaguna. Sai dai in ka zauna da masu ginin, bayan kukan tsadar siminti da rodi akwai wani kukan: ina za a samu mai aikin kirki? Lebura mai ɗaukar kwanon sarki ba ya wuyar samu. Amma birkilan da bangonsa ba ya karkata, ko mai tayil da ba ya barin rami a ƙarƙashi, ko mai ɗaurin rodin da ya san karatun zane, sai ka bi layi kafin ya waiwaye ka.

Abin mamaki ne a ce haka ta faru a ƙasar Hausa, inda gini ke da sarauta tasa, wato Sarkin Magina. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, har yau masana na zuwa kallon ɗaurin gugansa. Magabata ba su rasa magada ba saboda yaro a gidan ubangidansa yake tashi. Can zai ci, can zai kwana, ya fara da kwaɓa ƙasa da dunƙula tubali, har ya kai ga jera azara. Ma'ana, akwai wanda ya ɗauki nauyin shekarun koyo.

Yau wannan nauyin ne ya rasa mai ɗauka. Koyon gini yana cin shekaru, kuma mai koyo ba ya samun abin kirki, alhali ɗan'uwansa da ke jan A Daidaita Sahu kullum yana komawa gida da na cefane. Shi ma ubangida yana da nasa ƙorafin: da yaro ya iya jera bulo sai ya ɓalle, ya je ya karɓi jinga a kan rabin farashi. To, wa zai ɓata lokacinsa ya koyar? Shi ya sa 'yan kwangila da dama ke ɗauko masu tayil da masu silin na zamani daga Togo da Jamhuriyar Benin, matasanmu na zaune. Illar aikin ɗan koyo kuwa ba ta tsaya ga yoyo da tsagewar bango ba. Rushewar benen da ake ginawa a titin Beirut a watan Agustan 2022 ta tuna wa Kanawa cewa harkar gini harkar rai ce.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane cewa kamfani ɗaya ba zai yarda ya horar da mutum don wani ya ɗauke ba, sai dai kowa ya zuba a asusu guda. A Ingila, tun 1964 hukumar CITB ke karɓar wani kaso daga kamfanonin gini tana horar da ma'aikata da shi. Nijeriya ma ta kafa Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, a 1971, inda kamfanonin da doka ta shafa ke biyan kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansu. Akwai kuma hukumar NBTE da ke Kaduna, mai kula da tsarin ba da shaidar ƙwarewa ga wanda ya koyi sana'a a bakin aiki. A Jihar Kano akwai kwalejojin fasaha a birni da Wudil da Bagauda da Ungogo, ga cibiyar koyon sana'o'i mai sunan Aliko Ɗangote a hanyar Zariya. Matsalar ita ce yawancin gidajenmu ba manyan kamfanoni ke gina su ba. Ƙananan magina ne, waɗanda sunansu ba ya cikin kowane kundi.

A nan ne ƙungiyoyin magina da kafintoci da masu walda za su yi amfani. Dama suna karo-karo don biki da suna da rashin lafiya da rasuwa. Me zai hana a ware asusun koyo? A ƙaddara ƙungiya mai mutum 200, kowa yana ba da naira 500 a mako. Naira 100,000 ke nan duk mako, fiye da miliyan 5 a shekara. Wannan kuɗi zai taimaka wa masu koyo da na mota da na abinci, ya saya musu hular kwano da takalmi, ya biya kuɗin gwajin ƙwarewa, ranar yaye kuma a miƙa wa yaro kayan aikinsa. Bayan an fara da aljihun 'yan ƙungiya, sai a kafa gidauniya, a gayyato dilolin siminti da masu buga bulo da 'yan kasuwar Ƙofar Ruwa, tunda cinikinsu ya dogara da magini. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Sai dai tara kuɗi ya fi riƙon amanarsu sauƙi. Ƙungiyoyi da yawa lissafi ne ya wargaza su. Don haka a ajiye kuɗin a banki, kada mutum ɗaya ya iya cirewa, kuma ma'aji ya riƙa karanta abin da ya shiga da wanda ya fita a gaban kowa. A rubuta yarjejeniya tsakanin ubangida da iyayen yaro, mai unguwa ya shaida: shekara nawa za a yi, me za a koyar, yaushe za a yaye. Kuma duk ɗan ƙungiya ya yarda ba zai ɗauki yaron da ya gudo daga hannun wani ba sai an sasanta.

Mu ma sauran jama'a muna da namu. Iyaye su daina kallon gini a matsayin sana'ar wanda boko ya gagara, domin gwanin magini yana buƙatar lissafi da awo. Mai gini kuma ya daina bin wanda ya fi karya farashi, ya tambaya: a hannun wa ka koya, ina aikin da ka yi a baya? Ranar da masu gida suka fara biyan ƙwarewa haƙƙinta, matasa da kansu za su nemi wurin koyo. Allah Ya sa mu dace.